Yadda za ka bi sawun Malam da Inna

Bayan gaisuwa da fatan alheri, jikana, tambayarka ta iso ni. Kana son sanin dalilin da ya sa takardar salsalar gidanmu ta ambaci maza kaɗai, da abin da ya sa gwaggonninka suke yin shiru idan ka nemi sunan yanka na kakan kakanka da na matarsa.

Shirun nan kunya ce. A al'adarmu mace ba ta kama sunan mijinta ko na surukinta ko na ɗan farinta, shi ya sa Malam da Inna kawai muka tashi muna ji. Kada ka matsa wa tsohuwa sai ta faɗa. Tambaye ta wa aka mayar wa sunan, domin duk wanda ka ji ana kira Abba ko Baba tun yana cikin zanen goyo, sunan wani babba ya ci, kuma sa'o'insa za su gaya maka ba tare da nauyin baki ba.

Game da tafiyarsu zuwa aikin Hajji ta hanyar Sudan kuwa, takardar ba za ta kai ka ko'ina ba, tunda malaman da suka rubuta ta wane ɗan wane suke jerawa, babu gari babu shekara. Ka bi wuraren da aka haifi 'ya'yansu, wannan ilimin kuma a hannun mata yake. Sun baro ƙasar Kano bayan Turawa sun ci birnin a 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas. Ɗan farinsu a Abeshe ta ƙasar Chadi ta yau aka haife shi, mai bi masa a Al-Ubayyid ta Sudan, kuma Inna takan ce tana goyonta jirgin ƙasa ya fara shiga garin, wato wajen 1912. Kada tsawon shekarun ya ba ka mamaki, domin maniyyacin wancan zamani yakan yada zango ya yi noma damina ɗaya ko biyu, in guzuri ya taru ya ƙara gaba. Malam yana karantar da allo, Inna tana suyar ƙosai, ni kuwa a ganina kaskonta ya fi allonsa ciyar da tafiyar.

Daga nan suka sauka garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, tsinkar auduga a gonakin Jazira ta ba su kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, suka sauke farali suka dawo.

Akwai wuri ɗaya da za ka yi hattara. Dokar zama ɗan ƙasar Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa ta wajen uba suna Sudan tun ƙarshen 1897, saboda haka gidaje da yawa suka ja shekarar zuwansu baya domin samun jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, kuma ban ga laifinsu ba. Idan wani kawunka ya ce maka tun zamanin Mahadin Sudan muke nan, ka karɓa da ladabi, ka rubuta, sa'an nan ka gwada maganarsa da jerin haihuwar da mata suka ba ka.