Malama, kwamfuta za ki saya, manhajar kyauta ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Fiziks nake koyarwa a wata kwalejin ilimi. Duk shekara in muka zo kan yadda ilektiron ke ratsa katangar da ƙarfinsa bai kai ya tsallaka ba, sai ɗalibai su yi min zuru. An ba ni ɗan kuɗin kayan koyarwa, wani kuma ya tallata min manhajar kwaikwayo ta kuɗi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Jami'ar Colorado da ke Amurka tana da shirin PhET na manhajojin kwaikwayon kimiyya, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta 2001, ya kafa a 2002, kuma kyauta ne. A ciki akwai Quantum Tunneling and Wave Packets, daidai darasinki. Sai dai tsohuwar manhaja ce da aka rubuta da Java, ta fi jin daɗin kwamfuta a kan waya. Don haka kuɗin nan ki zuba shi a laftof, ko ta hannu ce, muddin batirinta na riƙe caji. In ya yi saura, ki nemi majigi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za ki yi amfani da ita. Kada ki kunna su zauna suna kallo. Kafin ki taɓa komai, kowa ya rubuta hasashensa: in aka ninka kaurin katangar, nawa ne zai ratsa? Da yawa za su ce rabi. Sai ki ja katangar su ga adadin ya zube ƙasa warwas. Nan za ki kawo musu madubin ƙara girma da masana fiziks Binnig da Rohrer suka ƙera a 1981, wanda ke hango ƙwayoyin zarra ta hanyar wannan ratsawar ta ilektiron: ƙarin tazarar nanomita 0.1 kaɗai (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) tsakanin tsinin madubin da abin da ake dubawa na rage wutar da ke ratsawa kusan sau goma.

Akwai kuskuren da kusan kowane ɗalibi ke yi, wai ilektiron yana gajiya a cikin katangar, ya fito da ragaggen ƙarfi. Ba haka ba ne. Ki daidaita matakin ɓangarorin biyu na katangar, ki sa su auna tsawon zangon igiyar ilektiron da manhajar ke nunawa kafin katanga da bayanta, za su tarar ɗaya ne, wato ƙarfinsa bai ragu ba. Tudunta ne kawai ya ragu, wato damar samunsa a can.

Ki gwada ta a laftof ɗin tun a shago, kafin ki biya.