Agogon Tauraro da Tef Ɗin Safiyo

Jiya da muke dawowa daga awon filin nan na hanyar Zariya ka jefo mini tambaya a mota, na ce ka bari sai na huta, don rana ta gama gasa mini kai. Cewa ka yi: "Oga, na ji an ce agogon da ke cikin tauraron GPS ba ya tafiya daidai da namu, kuma wai abu in yana gudu sosai tsawonsa raguwa yake yi. To ta yaya za mu yarda da lambobin da na'urarmu ke ba mu?"

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, duka biyun haka suke. Albert Einstein ne ya fito da bayanin a 1905, yana ɗan shekara 26, yana aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan. Ya ɗora komai a kan gudun haske, wanda ya kusa kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Mota in ka bi ta a guje sai ka ga kamar ta sassauta. Haske ba ya yin haka. Ko kana tsaye ko kana bin sa a sukwane, in ka auna gudunsa lamba ɗaya za ka samu.

Yanzu ɗauko uku-huɗu-biyar ɗin nan da muke fitar da kusurwa da shi in za a kafa harsashin gini. A ce ga jirgin ƙasa yana gudu, wani a ciki ya haska tocila daga daɓe zuwa rufi, tsayin taku huɗu. A idonsa hasken miƙewa ya yi sama ɗoɗar. Kai kuwa kana tsaye a bakin titin jirgi, kafin hasken ya taɓa rufi jirgin ya matsa gaba taku uku, don haka a wajenka hasken a karkace ya tafi, ya ci taku biyar. Gudun hasken ɗaya ne a gare ku. Wanda ya ga hanya ta fi tsawo, dole ya ƙirga lokaci mai yawa. In agogon na cikin jirgi ya buga sakan 4, naka ya buga 5. Amma kafin a samu wannan tazarar sai jirgin ya yi kilomita 180,000 a sakan, kashi uku cikin biyar na gudun haske ke nan.

Tsawo ma da wannan lissafin yake tafiya. In mutumin jirgin ya wuce ta gefen fuloti mai ƙafa 100 a tsawo da 50 a faɗi, ya auna shi yana wucewa, 80 zai samu a tsawon, faɗin kuwa yana nan a 50, domin ta fuskar da ake tafiya kawai abu ke tsukewa. Kada ka ɗauka irin shigewar da yadi ke yi in an wanke shi ne. Babu abin da ya taɓa fulotin. Shi ma na jirgin bai ji komai a jikinsa ba, hasali ma shi gani yake agogonka ne ke jan ƙafa.

Nan ne na daɗe ban haɗiye maganar ba, sai da na tuna yadda muke jan tef. Ka riƙe baki ɗaya, na riƙe ɗaya, fili yana kwance ba ya motsi, ko na karanta nawa yanzu ka karanta naka bayan la'asar duk ɗaya ne. Abin da ke gudu kuwa sai an yi wa gaba da bayansa alama a lokaci guda. To "lokaci guda" ɗin nan ne kai da mutumin jirgin ba za ku taɓa daidaitawa a kai ba. Abin da kai ka gani tare, shi ya ga ɗaya ya riga ɗaya. Daga nan awon ya bambanta, kuma babu wanda ya yi kuskure.

An gwada an gani. Akwai wasu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, da ake kira miyon, waɗanda ke samuwa can sama wajen kilomita 15, tsakatsakin rayuwarsu maikrosakan 2.2, wato kashi biyu da ɗoriya cikin miliyan na sakan. Ko da gudun haske suke yi, mita 660 ya kamata su ci su mace. Ga shi kuwa suna isowa ƙasa da yawa, yanzu haka suna ratsa rufin ofishinmu. Mu a wajenmu agogonsu ne ya yi jinkiri, su kuma a wajensu tazarar ce ta tsuke ta koma 'yan ɗaruruwan mitoci.

Sai taurarinmu. Suna nisan kusan kilomita 20,200, suna gudun kusan kilomita 3.9 a sakan, suna zagaya duniya sau biyu a rana. Gudun nan yana sa agogonsu ya yi baya da maikrosakan 7 kullum. Sai dai akwai wani dalili na biyu da Einstein ya ƙaro a 1915: inda jan da ƙasa ke yi wa abubuwa ya yi rauni, agogo ya fi sauri, kuma wannan ya ba su gaba da maikrosakan 45. Ka cire 7, saura 38. Kada ka raina shi. Aikin na'urarka ke nan, ta auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga tauraro zuwa gare ta ta mayar da shi nisa, haske kuwa yana cin mita 300 a maikrosakan ɗaya, 38 ɗin nan ya haura kilomita 11.

Waɗanda suka ƙera taurarin sun san da haka. Tun a ƙasa suke rage wa agogon sauri kaɗan, maimakon bugu miliyan 10.23 a sakan su saita shi a 10.22999999543, yadda in ya hau sama zai dace da namu. Ɗan abin da ya saura, na'urar da ke hannunka ce ke lissafa shi ba tare da ta tambaye ka ba.

Tsukewar tsawo kuwa, da za a ɗaura tef ɗinmu na mita 30 a jikin tauraron, abin da zai ragu bai kai kaurin silin gashi ba ko an tsaga shi gida dubu goma. Don haka kada in ji ka ce wa mai fili Einstein ne ya cinye masa ƙafa biyu.

Abin da zai cinye masa fili rana ce. Tef na ƙarfe a zafin digiri 20 aka daidaita shi. A irin ranar Afrilu, in ƙarfen ya kai digiri 40, mita 30 ɗin ya ƙaru da kusan milimita 7, kuma in ka ja shi sau goma ka tara santimita 7. Na biyu shi ne ma'aunin da lambobin suka dogara a kai, wato tushen da ake ƙirga matsayin wuri daga gare shi. GPS da ma'aunin da ake kira WGS 84 yake aiki, tsofaffin taswirorinmu kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su. Wani yaro da na taɓa riƙewa ya manta bai sauya ba, muka wayi gari turakunmu na siminti suna cikin gonar maƙwabci, sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Gobe in Allah ya kai mu ƙarfe bakwai za mu fita. Ka sa batura a caji tun da dare, ka duba ma'aunin da na'urar take kai kafin mu bar ofis, kuma ka taho da ma'aunin zafin nan da ke cikin durowa ta ƙasa.