Amsa: farautar barewa a Mishigan da kwana a tirela

Malam, tunda jihar Mishigan ta Amurka ka ce za ku je da abokinka, a tirela (ɗakin kwana da mota ke ja) za ku kwana: farautar bindiga daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba ce. Kowa da lasisinsa, kuma doka ce a sa riga ko hula ruwan lemo.

Sanyi ne babban haɗari. Kada ku bar murhun gas a kunne da tagogi a rufe don neman ɗumi. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kisa. Ku sa na'urar gargaɗi mai gano wannan iska, ku tsiyaye bututun ruwan tirelar kada ƙanƙara ta fasa shi.

Da kun kayar da barewa, ku fitar da kayan ciki nan take, ku rataye ta waje. Ɗumin tirela ɓata nama yake yi.