Katin girafik ɗina yana tsuwwa idan na buɗe gem: ya kusa ƙonewa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Hotoro, nan cikin Kano. Kwanakin baya na haɗa kwamfutar gem, na sa mata katin RTX 3060 na hannu. Da farko lafiya lau. Yanzu da zarar na buɗe gem sai wata siririyar ƙara ta tashi kamar kukan gyare. Ta fi tsanani a shafin farko kafin in shiga wasan, kuma idan muna kan inbata sai ta ƙaru. Wani abokina ya ce in ɗiga man keke a fankar. Katin ya kusa ƙonewa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ajiye man keken nan tukuna. Daga yadda ka kwatanta ƙarar, ba na zargin fanka, kuma ba na jin katinka yana cikin haɗari.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ka ce ta fi tsanani a shafin farko. A wannan shafin aikin da ke gaban katin ba shi da nauyi, don haka idan ba a yi masa iyaka ba sai ya riƙa zubo hotuna ɗaruruwa a daƙiƙa guda, wani lokaci har ya haura dubu. Fanka kuwa zafi take bi, ba ta san yawan hotuna ba. Ƙarar da ke tashi nan take da an buɗe shafi, ta sauya murya da an sauya shafi, daga kwayil take fitowa.

Da za ka cire murfin katin, za ka ga wasu ƙananan tubala masu kusurwa huɗu a jere kusa da babban cif ɗin, baƙaƙe ko masu launin toka. A cikin kowanne akwai waya a nannaɗe, su ne kwayil ɗin. Suna cikin sashen da ke karɓar bolt 12 daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ya sauke shi zuwa kusan bolt 1 da cif ɗin yake ci. Wutar da ke ratsa su kunnawa da kashewa take yi sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, wannan ne ke sa wayar rawa kaɗan-kaɗan. Idan rawar ta faɗo daidai inda kunnen mutum ke kamawa, sai ka ji tsuwwa. Sabon kati dal mai tsada ma yana yi. Tana da ban haushi, musamman da dare idan unguwa ta yi tsit, amma ba ta rage wa kati kwana.

Duk da haka kada ka tsaya a kan maganata, gwada da kanka. Sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, kuma tana aiki da katin kowane kamfani. Ba tare da ka buɗe gem ba, ɗaga gudun fankar zuwa kashi 100, sannan ka sauke shi a hankali kana saurare. Idan ƙarar da ke damunka ta bi gudun, fanka ce. Idan iska kawai ka ji, tsayar da fankar a kashi 50 ka buɗe gem ɗin. Ƙarar da ta riƙa hawa da sauka alhali gudun fanka bai motsa ba, ta kwayil ce. Saura ka san daga ina take fitowa, domin fawa-fak ma yana da nasa kwayil. Buɗe gefen akwatin, ka naɗe takarda ta zama bututu, ka kara baki ɗaya a kunnenka, ɗayan ka kai shi kusa da katin, sannan kusa da fawa-fak. Takarda na ce, kada ka kusanto da sukundireba ko wani ƙarfe kwamfuta tana kunne.

Maganin ba ya cin ko sisi. Idan sikirin ɗinka hotuna 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, hotuna 900 da katin ke haɗawa asarar wuta ce kawai. Shiga NVIDIA Control Panel ka nemi Max Frame Rate, wato iyakar yawan hotuna a daƙiƙa, ka daidaita shi da sikirin ɗinka, ko ka kunna V-Sync a cikin gem ɗin. Sau da yawa nan take tsuwwar ke lafawa. Idan da saura, koma Afterburner ka sauke Power Limit, wato iyakar wutar da katin zai ja, zuwa kashi 80. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, ga sauƙin zafi, ga batirin inbata zai ƙara jimawa.

Batun inbata kuwa kada ka raina shi. Wutar Nepa hawa da saukarta a santsi suke. Inbata mai araha, da yawancin ƙananan UPS, wuta mai tsani-tsani suke bayarwa, kuma fawa-fak na zamani ba ya jituwa da ita, sai ya riƙa ƙugi, wani ma ya kashe kansa ana tsakiyar wasa. Duba jikin inbatarku ko an rubuta pure sine wave, wato wuta mai santsi irin ta Nepa. Idan babu, ka bar gem mai nauyi sai an kawo wuta, domin wannan wahalar fawa-fak ɗin take ci a hankali. Shi kansa fawa-fak ɗin ka duba shi. RTX 3060 yana jan kusan wat 170, NVIDIA kuma ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 550. Ina ganin matasa suna zuba duk kuɗinsu a kati, sannan su ɗauko fawa-fak maras suna, mara nauyi a hannu, an buga masa babbar lamba a jiki. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, don shi ne yake iya tafiya da kati da madabod a dare ɗaya. Ari mai kyau a wajen aboki ka gwada. Amma kada ka taɓa kwance fawa-fak, kafasito ɗin cikinsa suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Idan gwajin ya nuna fanka ce, muryarta daban take: gurnani, ko ƙas-ƙas, ko karkarwa. Fara da abu mai sauƙi, wata siririyar waya ta sauko tana taɓa fiffiken, ko katin ya sunkuya saboda nauyi yana neman abin tokare shi. Bayan hunturu kuma, haska tocila tsakanin siraran ƙarafan da ke bayan fankar, za ka tarar ƙura ta dunƙule ta toshe hanyar iska, har kana iya zaro ta da tsinke a dunƙulenta. Kashe kwamfutar, zare filogi, danne fiffiken da yatsa kada ya juya, sannan ka hura da bulowa ka bi da buroshi mai laushi. Tunda katin na hannu ne, mai yiwuwa boris ɗin da fankar ke juyawa a kansa ya gaji. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwa. Boris da ya cinye, sauya fankar ake yi. Mai da za ka ɗiga zai sa ta yi shiru na ɗan lokaci, daga nan ya haɗu da ƙurar Kano ya zama taɓo. Kuma idan ka ga fankar ta tsaya cak lokacin da ba ka gem, ba lalacewa ba ce, katuna da yawa ba sa juya fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60.

A bazara, lokacin da gari ke kai digiri 40, fanka za ta yi ihu fiye da kullum. Amma idan ka share ƙura kuma zafin katin yana haura 85, mai yiwuwa man sanyayawar da ke tsakanin cif da ƙarfensa ya bushe, a sake shi.

Ƙarar da nake tsoro ita ce mai kama da tartsatsi, ko wadda ta zo da warin ƙonar roba, ko sikirin ya riƙa ɗaukewa, ko ɗige-ɗige masu launi su watsu a kansa. Wannan ka kashe daga soket nan take. Zare wayar wuta mai baki takwas da ke shiga katin ka duba ko bakinta ya yi ruwan ƙasa ko ya narke. Idan haka ne, kada ka sake kunnawa. Ɗauki kwamfutar gaba ɗaya, ba katin kaɗai ba, ka kai wa mai gyara a Farm Centre ko Beirut Road, kuma ka gaya masa a kan wace wuta abin ya faru, Nepa, inbata ko janareta.