Mijina soja ne, zai yi wata tara ba ya gida: ko zan iya ɗaukar cikin haya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar soja ce, muna zaune a Amurka kusa da barikinsu a jihar Texas, 'ya'yanmu biyu. Za a tura maigidan aiki wata ƙasa na wata tara. Wani kamfani ya yi mini tayin dala 45,000 in ɗauki cikin wasu ma'aurata da ba sa haihuwa. Ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, ni mahaifa kawai zan bayar. Maigidan ya yarda, kuma tunda ba ya nan ba a fargabar cakuɗuwar zuriya. Bashi ya yi mana yawa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya yaye muku wannan bashi. Bai halatta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta hayar mahaifa a zamanta na Amman a 1986. Ko majalisar Rabiɗa ta Makka, wadda a 1984 ta yi sassauci idan kishiya ce za ta ɗaukar wa kishiyarta, shekara ɗaya tak ta yi ta janye maganar. Balle ke da ba igiyar aure tsakaninki da mai maniyyin.

Na lura dukkan nauyin tambayarki kin ɗora shi a kan tafiyar maigida, to a nan zan tsaya. Tafiyarsa ba ta ɗage shimfiɗarsa ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Muddin aurenku na nan kuma ya kusance ki kafin ya tafi, duk abin da kika haifa shari'a shi za ta jingina wa. A mazhabarmu ta Malikiyya ciki yana iya kaiwa shekara huɗu ko biyar, abin da iyayenmu mata ke kira kwantacce. Wata tara me ne ne a cikin wannan lissafi? Ba zai fita daga wannan ɗa ba sai da li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi gaban alƙali idan ya ce ɗan ba nasa ba ne, shi kuwa li'ani ya raba ku har abada. Kin ga takardar kotun Amurka za ta ce yaron na wasu ne, littafin alƙalin Musulunci ya ce naku ne.

Sannan mijinki soja ne, kin fi ni sanin irin wuraren da ake tura su. Allah Ya dawo da shi lafiya. Amma in ta Allah ta kasance kina ɗauke da wannan ciki, takabarki da me za ta ƙare, da haihuwar ko da wata huɗu da kwana goma? Abin da ke cikin zai ci gadonsa tare da 'ya'yanki biyu? In kuma an ba shi hutu ya zo gida a tsakiya, ga hanin Annabi (SAW) cewa kada mutum ya shayar da shukar wani da ruwansa. Yardarsa da kika ambata ba ta canza komai, don mahaifarki ba kadararsa ba ce da zai bayar aro.

Akwai wasu 'yan tsirarun malamai a Masar da suka halatta, suka yi ƙiyasi da shayarwa: wai kamar yadda ake biyan mace ta shayar da ɗan wani da nononta, haka za a biya ta ta ciyar da shi da jininta. Na san za ki ci karo da wannan a intanet, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Ladan shayarwa Allah da kanSa Ya ambace shi a Suratuɗ Ɗalaƙ, ba ƙiyasi aka yi ba. Mai shayarwa kuma tana karɓar yaron da aka riga aka haifa, an san uwarsa, an san ubansa, an raɗa masa suna. Ba wanda ya taɓa zuwa gaban alƙali yana tambayar wace ce uwa tsakanin wadda ta haifa da wadda ta shayar. A nan kuwa tambayar ke nan tun ranar farko. Suratul Mujadala ta ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su, kuma laulayi da naƙuda ke za ki sha su. Nono ana iya tatsa a kwano a miƙa. Mahaifa ba ta rabuwa da al'aura, ita kuwa asalinta haramci ne sai da aure. Budurwa da bazawara ma in an bi wannan ƙiyasi sai su yi ta ɗaukar ciki ba miji, a ce sana'a ce. Majalisar Binciken Musulunci ta Azhar ɗin kanta ba ta karɓi wannan ra'ayi ba.

Wani abu da ba ki tambaya ba. Irin waɗannan kamfanoni suna son matan sojoji saboda inshorar lafiyarsu ta Tricare. In aka ce ki ɓoye yarjejeniyar don inshorar ta biya kuɗin awo da haihuwa kamar cikinki ne, wannan ha'inci ne daban, kuma yana iya jawo wa maigida matsala a wurin aiki.

In ba ki sa hannu ba, kada ki sa. In kin sa amma ba a yi dashen ba, ki janye ko da za ki yi asara. In kuwa an riga an dasa kina jin nauyin faɗa, kada ki zubar. Ki tuba, maigida ya nisance ki har ki haihu, ki sake rubuto mini, don hukuncin yaron sai an zauna.

Batun bashi, ku je ofishin tallafa wa iyalan sojoji da ke barikinku kafin ya tafi, ku kuma yi wa limaminku magana, domin wanda bashi ya danne yana da rabo a zakka. Matan bariki da yawa suna neman mai rainon yara. In har shayarwa ta shigo ciki, ki rubuta sunan yaron da na iyayensa ki adana, saboda aure nan gaba. Wallahu a'alam.