Me ya sa shawa ke yawa bana, baɗi ta yi wuya?

Malam, ka tambaya me ya sa shawa da sadin ke cika kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja wata shekara, wata kuma su yi wuya. Canjin dala na da nasa hannun, amma daga teku maganar take farawa.

Waɗannan ƙananan kifaye ƙwai suke zubawa da yawan gaske. Da ya ƙyanƙyashe, ɗan kifin da ƙyar ido ke ganinsa. Gwaiduwar da ke manne a cikinsa ta 'yan kwanaki ce, in ta ƙare bai samu abinci ba, shi ke nan. Abincin kuwa sai iska ta ture ruwan da ke saman teku, ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa da taki, kamar yadda yake faruwa a gaɓar Ghana daga Yuli zuwa Satumba. In iskar ta yi yawa, sai ta kwashe 'ya'yan zuwa tsakiyar teku. A 1972 ɗumin El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke hana ruwa mai taki tasowa, ga kuma kamu ba kima, ya durƙusar da masuntan Peru.

Kada ka ɗauka yawan ƙwai shi ne yawan kifi. In bincike kake, tuntuɓi NIOMR, cibiyar binciken teku ta Najeriya da ke Legas.