Tambayi Sista: Za a yi min tiyatar rage ƙiba a Masar, yaushe zan kamo hanyar gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Sista. Shekaruna 41, 'ya'yana biyar, ina zaune a Potiskum. Nauyina ya kai kilo 128, ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyina kuma sun daina ɗaukata, har sallah ma a kan kujera nake yi. Na sha shayin rage ƙiba kala-kala ba biyan buƙata. Daga ƙarshe likitana ya ba ni shawarar tiyatar rage tumbi, kuma mun shirya za a yi min a Alƙahira wata mai kamawa. Wanda yake mana hanya ya ce kwana biyar sun isa in dawo. Maigida ma ya fi son haka saboda kuɗin masauki, ga kuma bikin ƙanwata ya matso. Shin kwana biyar ɗin sun isa? Yaya zan yi a jirgi, da kuma mota daga Kano zuwa gida? Me zan ci idan na dawo?

Wata mai karatu daga Potiskum

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya sa a yi a sa'a.

Kwana biyar sun yi kaɗan. Wanda ya faɗa miki haka kuɗin ɗaki da tikiti yake lissafawa, bai taɓa tsayuwa a kan maras lafiya da tsakar dare ba. Ranar dawowarki a bakin likitan da ya yi aikin take, bayan ya duba ki da idonsa. Ba a matsayin ma'aikaciyar jinya kawai nake miki wannan magana ba. Shekara uku ke nan da na raka yayata Alƙahira aka yi mata irin wannan aiki, kwana 13 muka yi, kuma har yau ban yi da-na-sanin ko kwana ɗaya daga ciki ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne daga waje aikin ba shi da girma. 'Yan ramuka ne huɗu ko biyar a fatar ciki, kowanne bai fi faɗin yatsa ba, kwana biyu ko uku an sallame ki. Amma a ciki an yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin an fitar, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba, an kama gefensa daga sama har ƙasa da ƙananan maƙalan ƙarfe. Wannan dogon ɗinki shi ne abin tsaro. A wurin mutane ƙalilan yakan yi yoyo, ruwan tumbi ya zuba cikin ciki, kuma yawanci a makon farko zuwa na biyu hakan ke bayyana. Alamarsa ta farko sau da yawa ba ciwo ba ce, bugun zuciya ne da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, numfashi sama-sama, da ciwo a kafaɗar hagu. Kada ki tsorata da ciwon kafaɗar kwana biyun farko, wannan iskar da aka hura a ciki lokacin aiki ce, tattaki ke fitar da ita. Wanda ya dawo daga baya tare da zazzaɓi shi ne ba a kwana da shi. To ki duba: idan ya same ki a masauki, minti kaɗan ke tsakaninki da wanda ya yi ɗinkin. Idan kuwa tsakanin Azare da Potiskum ya same ki fa?

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta ce bayan ƙaramin aiki na rami ana iya hawa jirgi cikin kwana ɗaya ko biyu, amma babban aikin ciki sai an yi kwana 10. Da na farkon masu hanya ke fakewa. Ni a ganina cire mafi yawan tumbi babban aiki ne ko ta wace ƙofa aka shiga, saboda haka ku yi lissafin kwana 10 zuwa 14 bayan tiyata, ku sayi tikitin da ake iya ɗaga ranarsa, ku tabbata bizar ta wuce haka. Ki nuna wa maigida wannan shafi. Kuɗin ɗaki na ƙarin mako guda bai kama ƙafar kuɗin jinya a ɗakin kulawa ta musamman ba.

Maganar biki kuwa, ko kin dawo ran da kike so, ba za ki iya zaman sa lalle ko kai amarya ba. Wannan tiyata ba ta gaggawa ba ce. Ki ɗaga ta zuwa bayan biki, ki kai ƙanwarki ɗakinta, sannan ki tafi hankali kwance.

Haɗari na biyu shi ne wanda ya shafi hanyar kanta, wato gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka wannan haɗari kusan sau biyu, ko jirgi ne ko mota. Daga Alƙahira zuwa Kano ya haura awa huɗu a sama, daga Kano zuwa Potiskum kusan kilomita 300 ne. Ke kuma abu uku sun haɗu a kanki: ƙiba, sabuwar tiyata, da dogon zama. Don haka kafin a sallame ki, ki tambayi likita kwana nawa za ki yi kina allurar tsinka jini, irin su Clexane, ki kuma sa a koya miki yadda ake yin ta a ƙarƙashin fata. 'Yar ƙarama ce, yayata da ke tsoron allura tun muna yara da kanta take yi a kwana na uku. Ki sayi safar nan mai matse ƙafa a auna miki daidai ke. Idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ki sanar da likita tun yanzu, domin wasu daga cikinsu akan dakatar da su mako huɗu kafin aiki.

A jirgi ki nemi kujerar bakin hanya, ba ta taga ba. Duk awa ɗaya ki miƙe ki taka zuwa baya ki dawo, in kina zaune kuma ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga duga-dugai. Ki sa doguwar riga sakakkiya, kada ki ɗaura zani, domin ɗaurin a daidai kan ramukan yake zama. Ɗan ƙaramin matashi tsakanin cikinki da bel zai rage miki zafi sosai. Idan jirgi ya yi sama iskar da ke cikin hanji tana kumbura, saboda haka ko kusa kada ki taɓa lemon kwalba, abincin jirgi kuma ki ce an gode.

Ruwa shi ne aikinki na wannan rana. Ana so ki sha lita ɗaya da rabi a yini, amma sabon tumbin ba ya karɓar kwankwaɗa, sai kurɓa. Mu ɗan kofin nan na shan maganin tari mai cin mililita 30 muka riƙe. Na sa ƙararrawar waya duk minti 15, ta yi ƙara in zuba in miƙa mata, ta kurɓa a hankali kamar mai shan shayi da zafi. Haka muka yi tun daga filin jirgin Alƙahira har muka sauka filin Malam Aminu Kano. Ruwan sai kin wuce wurin bincike za ki saya, tunda ba a barin ruwan da ya haura mililita 100 ya wuce. Fitsarinki ne ma'auni, in ya yi ja kamar shayi ruwa bai isa ba.

Ki sa a nema miki keken marasa lafiya tun kwana biyu kafin tafiya, ba abin kunya ba ne, layin filin jirgi yana da tsawo. Kuma har mako huɗu zuwa shida kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Na san ba a zuwa Masar a dawo ba tsarabar abaya, to akwatin na maigida ne, ko janyo shi kada ki yi.

A jakar hannunki a ajiye takardar likita ta izinin hawa jirgi, da rahoton aikin da Turanci, da takardar da ta bayyana dalilin allurar da kike ɗauke da ita, da lambar da za ki samu likitan ta WhatsApp. Magungunanki ma a nan, ba cikin akwati ba. Ki kula da na suga musamman. Bayan wannan aiki suga kan sauka cikin kwanaki, tun kafin a ga rama, kuma in kika ci gaba da tsohon adadi alhali ba kya cin komai, zai iya faɗuwa ƙasa ki suma. Haka na hawan jini, balle mai sa fitsari. A rubuta miki sabon tsari kafin ki baro, na'urar gwajin suga kuma tana kusa da hannunki.

In kun sauka Kano kada ku zarce. Ku kwana ɗaya ko biyu, jiki ya huta, in ma wani abu ya taso ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa. Sannan ku ɗauki shata ko motar gida bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ki zauna gaba ki miƙe ƙafa. Ku tsaya a Wudil, ku tsaya a Shuwarin, ku tsaya a Azare, kowane wuri ki fito ki taka na minti biyar. Idan sha-raɓarki ɗaya ta kumbura tana zafi, ina roƙonki kada a yi mata tausa, kada a shafa man zafi. Tausa na iya ɓalle gudan. Wannan, ko numfashi ya sarƙe kwatsam, ko ciwon ƙirji, asibiti mafi kusa za a nufa nan take. Kuma ki ci gaba da sa ido har wata guda, domin yawancin wannan matsala bayan sallama take zuwa.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro, wato gida. Kwana uku da dawowarmu 'yan dubiya suka cika falon yayata. Surukarta ta aiko da kunun gyada mai kauri, ya sha suga da madara, kuma mai kawowar ta tsaya sai ta ga an sha. Ni ina kicin. Kunya ta sa ta ɗaga kofi ta sha rabi. Ba a yi minti 20 ba gumi ya karyo mata, zuciyarta na dukan uku-uku, ciki na murɗawa, ta zame daga kujera ta kwanta a kan tayil tana cewa mutuwa za ta yi. Zaƙi ne ya faɗa hanji gaba ɗaya lokaci guda, ya janyo ruwan jiki zuwa can. Ta farfaɗo bayan awa ɗaya, amma ban manta fuskarta ba. Wadda ta aiko da kunun ƙauna ce ta sa ta, kuma irin wannan ƙauna ce za ta yi ta sallama a ƙofarki da kwanuka. Ki samu mutum ɗaya mai iya cewa a'a, ƙanwa ko babbar 'yarki, ta zama ita ke karɓar kwano. Ba sai kin bayyana wa kowa aikin da aka yi ba, “likita ya hana” ta wadatar.

Tsarin da asibitinki ya ba ki shi ne gaba da nawa, amma galibi haka yake. Mako biyun farko ruwa-ruwa zalla: romon kaza ko na kifi da aka tace ba mai ba yaji, kindirmo marar suga da aka tsinka, madarar waken suya, da garin furotin da za su rubuta miki. Mako na uku da na huɗu abin da aka niƙa ya yi lukwi, kamar faten wake da aka cire wa ɓawo, ko kifi da aka dame da romo. Daga nan sai mai laushi, ƙwai, alale, dafaffiyar awara ba soyayya ba. Cokali uku ko huɗu za su cika ki, kuma da kin ji nauyi a ƙahon zuci ki ajiye cokalin. Ana neman giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, don haka kullum da mai gina jiki za ki fara. Kada ki haɗa ci da sha, ki bar rabin awa tsakani. Tuwo, shinkafa, taliya da burodi cushewa suke yi, sai can bayan wata biyu a gwada loma ɗaya. Tsire da kilishi sun fi haka jira.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe har abada: maganin ciwon jiki na kemis irin su ibuprofen, diclofenac da Feldene sun haramta gare ki, suna haƙa gyambo a sabon tumbi. Ke mai ciwon gwiwa ce, na san akwai su a ɗakinki, ki fitar da su kafin ki tafi. Paracetamol ya isa. Bitamin kuwa, da B12, da maganin ƙarin jini, da na ƙashi, ba na wata ɗaya ba ne, na tsawon rai ne. Idan amai ya ƙi tsayawa har kwana biyu kada ki zauna, rashin bitamin B1 na iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi cikin makonni kaɗan. Ɗaukar ciki kuwa a dakata shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ki sani haihuwa kan buɗe da zarar an fara ramewa. Azumin da ya riske ki a watannin farko ki tambayi likita, addini ya yi wa maras lafiya rangwame ya rama daga baya.

Kafin ki tashi, ki koma wurin likitan nan naki na gida ku sa ranar da zai gan ki a makon da kika dawo, da ranar gwajin jini bayan wata uku. Sallah ki ci gaba da yi a kujerarki har ya ce ramukan sun warke. Yayata ma shekara huɗu ta yi tana sallah a zaune. A wata na bakwai bayan aikin ta kira ni bayan la'asar, muryarta na rawa, ta ce goshinta ya taɓa ƙasa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.